Kwas ɗin koyon tattara bayanai kan cin zarafin yara da na yi a Kano, ra'ayina

Ƴan uwa da yawa sun dame ni a WhatsApp wai kwas ɗin nan ya cancanci kuɗinsa ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Kwana biyar muka yi a wata cibiya mai zaman kanta, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a ciki.

Ni dai da tunanina na je cewa in kana son sanin yara nawa ake zalunta sai ka je ofishin ƴan sanda ko asibiti ka ƙirga fayil. Ranar farko malamar ta rushe min wannan, tace fayil yana ƙirga waɗanda maganarsu ta fito ne kawai, kuma mu duka mun san yadda ake yi a unguwa, abu ya faru da yarinya sai manya su zauna a ce a rufa asiri kar ta rasa mijin aure, shikenan magana ta mutu a zaure. Shi yasa ake bin gida gida. Ta kawo mana binciken 2014 da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wanda ya nuna kusan yara 6 cikin 10 a Najeriya sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 kuma ta hanyar lalata. Abin da ya burge ni ba lambar ba ce, yadda aka samo ta ne. Ƴan shekara 13 zuwa 24 aka tambaya, masu 18 zuwa sama su tuno yarintarsu, ƙananan kuma a duba abin da ya same su a wata 12 da suka wuce, sannan yankin da aka tambayi mata daban da na maza, don kar a yi hira da yarinya a gida ɗaya wanda ya cuce ta kuma a gidan gaba ya gane me ake tambaya. Wlh wannan dabarar ban taɓa kawo ta a raina ba.

Inda kuɗina ya fito shi ne ranar gwaji. Aka haɗa mu biyu biyu, ni mai tambaya, abokiyar zamana ta zama uwa. Nace mata Hajiya kin taɓa cin zarafin ɗanki? Ta harare ni tace Allah ya kiyaye, ɗan da na haifa? Malama ta karɓi wayar tace Hajiya a watan nan akwai wanda ya mari yaron a gidan nan? Eh. An sa masa bulala ko dorina? Ai dole, ba ya ji. Aji ya fashe da dariya amma kowa ya gane, mutum ɗaya amsa biyu, saboda a wajenta wannan tarbiyya ce. Haka binciken MICS na UNICEF, wanda ake bin gida gida don duba halin da mata da yara ke ciki, ke tambaya game da yara ƴan shekara 1 zuwa 14, aikin ake ambata ɗaya bayan ɗaya, ba a ba shi suna. Mun kuma koyi cika fom a KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya, yana aiki ko babu netwok, in ka samu sabis sai ka tura.

To ƙorafi. Fassarar tambayoyin zuwa Hausa da suka raba mana kamar inji ne ya yi, akwai wadda na karanta sau uku ban gane ba balle tsohuwa a ƙauye. Ɓangaren sakaci da yara kuwa, wanda shi ne ya kai ni, ko awa ɗaya ba a ba shi ba, alhali shi ya fi wuyar aunawa, yaro ya kwana da yunwa, uban ne ya yi watsi da shi ko babu ce? Na tambaya aka ce lokaci ya ƙure. Na sake ɗaga hannu kan almajirai, tunda bin gida gida ake yi, yaron da ke kwana a tsangaya ko bakin kasuwa wa zai ƙirga shi? Malamar ta yarda giɓi ne babba amma ba a nuna mana mafita ba. Sai kuma me za ka yi in yarinya ta fashe da kuka tsakiyar hira, ina za ka tura ta, takarda ɗaya kawai aka miƙo mana ranar ƙarshe muna jiran satifiket.

Abinci ba laifi, janareto ne dai yake yawan ɗaukewa da rana. In za ku je ku tafi da fawa bank, kuma ku tambaye su tun kafin ku biya ko sun gyara fassarar.