Wa Za Ka Ɗauko Ya Kula da Tsohuwarka a Ɗakinta?

Inna ta ce ba za ta bar ɗakinta ba. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu mu bakwai, daga nan aka fita da gawar Malam, kuma a cewarta daga nan za a fita da tata. Babban yayanmu ya gyara mata ɗaki a gidansa har da banɗaki a ciki, ta yi kwana tara ta ce a mayar da ita, wai ba ta jin kiran sallar masallacin unguwarsu, kuma babu mai leƙo ta sai wanda ya hau mota. Tunda haka ne, magana ta koma kan wa zai riƙa duba ta, da nawa, kuma wa za a amince wa. Shekara huɗu muna gwadawa muna canzawa, don haka abin da zan faɗa a nan ya ci kuɗinmu, sau ɗaya ma ya kusa cin ranta.

Maganar tawa a kan tsohon da har yanzu yake alwala da kansa ne, yana tashi ya zauna ko da sanda, amma ba a son barin sa shi kaɗai. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana kwance sai an juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, wannan lissafinsa daban.

Gidan gajiyayyu an yi shi ne don wanda ba shi da kowa, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Kamfanonin da ke tura ma'aikatan jinya gida, irin waɗanda suka yi yawa a Abuja da Legas, suna da rana idan an sallamo mutum daga asibiti bayan tiyata, na sati biyu ko uku. In ka ce da su za ka dore, aljihunka zai gaya maka, ga shi yau wannan fuskar gobe waccan, wata ko gaisuwar Hausa ba ta iya ba. Jika kuwa abokin hira ne da wasan kaka da jika, yana ɗebe kewa sosai, amma da safe boko, da yamma Islamiyya, da dare in ya kwanta ko ganga ake kaɗawa ba ya ji.

Abin da yawancinmu muke fara yi shi ne aika wa dillaliya ta kawo yarinya daga ƙauye, don shi ne mai araha. Mu ma mun yi, sau uku. Araha dai ba ta ado. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ba za ta iya ɗaga tsohuwar da santsi ya kwashe a banɗaki ba, ba ta iya karanta sunan magani, kuma in Inna ta ce "yau ba zan sha ba", shi ke nan magana ta ƙare, don ba ta da ta cewa a gaban sa'ar kakarta. Kuɗin aikin ma ba hannunta yake zuwa ba. Dillaliya ce ke karɓa, in ta samu gidan da ya ƙara mata ɗan wani abu sai ta zo ta ce ana bikin 'yar uwar yarinyar, daga nan ba za ka sake ganinta ba. Ga kuma doka: dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma dillalai sun ƙware wajen ƙara wa yara shekaru da baki. Ni ko babu doka ma, ganin yarinya tana wanke fo alhali sa'o'inta na aji ya ishe ni.

Wanda ya zauna mana, kuma shi nake ba kowa shawara, a cikin lungunmu muka same shi. Wata maƙwabciya ce, gida uku tsakaninmu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, shekarunta sun haura hamsin amma da ƙwarinta. Gwaggo muke ce mata don girmamawa. Ta san Inna tun kafin a haife ni. Tana tashi bayan asuba ta dama koko, ta tsaya a kai har sai an haɗiye ƙwayar hawan jini, ta tafi harkarta, ta dawo da azahar, sannan ta kwana a ɗakin. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne ta san muryar Inna. Wata rana ta kira ni a waya ta ce, "Ɗan nan, Hajiya yau amsa gaisuwarta ba irin ta kullum ba ce, kuma ta tambaye ni sau uku ko an yi la'asar." A watan Afrilu ne, zafin Kano ya haura 40, ashe ruwa ne ya yi ƙaranci a jikinta, don tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ita kuma da gangan take rage sha saboda kada ta yi ta tashi fitsari. Baƙuwa ba za ta taɓa lura da wannan ba. Tun daga ranar akwai kofin silba da murfi a gefen katifa, Gwaggo na ƙirga sau nawa aka cika shi.

Kuma ba ta rufe Inna a ɗaki. Ita ce ke riƙe hannunta zuwa gidan suna da gidan gaisuwar mutuwa, ranar Asabar da Lahadi su tafi makarantar matan aure tare, a hanya a tsaya a yi hira da wannan a yi da waccan. Na lura duk satin da Inna ta fita sau biyu ta fi cin abinci. Ta dalilin Gwaggo unguwar ma ta shigo ciki: mai kantin bakin layi yana ba da kaya a rubuta sai ƙarshen wata, akwai ɗan adaidaita sahu da ke kwana a lungun wanda lambarsa ke rubuce da gawayi a jikin bangon tsakar gida, liman kuma in ya kwana biyu bai ga an turo sadakar Juma'a ba sai ya aiko a duba.

Tsarin yana da nasa ƙayar. Maƙwabciya ba a korarta kamar 'yar aiki, in an ɓata an ɓata da unguwa guda, kuma sirrin gidanku sai yadda Allah ya yi. Maganinsa a yanka albashi tun farko, a gaban mai unguwa ko wani dattijo, a faɗi abin da za ta yi da wanda ba nata ba, da ranar hutunta. Kada a ce "za mu riƙa ɗan taimaka miki", wannan kalmar ce ke haifar da ƙorafi bayan wata shida. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, ku sa shi a gaba in kuna lissafi tsakaninku 'yan uwa, mai kwana da tsohuwarku ba ta cancanci canjin cefane ba. Kuma a gaya mata ƙarara: ita ba likita ba ce. Ba ta ƙara magani, ba ta ragewa, ba ta karɓo na wata ta ba.

Ɓangaren lafiya sai a haɗa da ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa, irin waɗanda ake kira CHEW, ta riƙa zuwa sau ɗaya a sati ta auna jini da suga ta rubuta a littafi. Namu ɗan littafin makaranta ne mai fallaye arba'in, shi muke kai wa likita ranar ganin likita. In awo ya yi ta zama sama da 140 bisa 90 ba a jira ranar.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kafin wannan ma'aikaciyar mun yi da wata mata daban. Farar riga, abin sauraron ƙirji a wuya, jaka cike da sirinji, kowa a layin "Nas" yake ce mata. Inna na fama da ciwon gwiwa, sai ta fara yi mata allura, in an yi sai ta miƙe garau har da shara. Muka yi ta sa albarka. Kusan kullum ake yi, wata biyu. Sai ƙafafu suka kumbura, bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta. A asibiti likita ya tambayi me take sha, muka kawo kwalaben da aka zubar a kwandon shara, ya duba ya ce dikilofenak ne, yana cin ciki yana taɓa ƙoda, balle ga tsohuwa mai hawan jini. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Da muka bincika, matar ba ta taɓa shiga makarantar jinya ba, shara da miƙa kaya ta yi a wani kemis har hannunta ya faɗa da allura.

Saboda haka duk wanda zai taɓa jikin tsohonku ku ce ya nuna lasisi, ba katin wuya ba, don katin wuya ko a shagon buga takardu ana yi. Nas ta gaskiya tana da rajista da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma lasisin sabunta shi ake yi, ku duba ranar ƙarewarsa. Ma'aikatan lafiya na al'umma su ma suna da tasu hukumar rajistar. Mafi sauƙi ma ku taka da ƙafarku zuwa asibitin da ta ce tana aiki, ku tambayi shugaban wurin. Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan. In kuwa ta fara "haba Alhaji, ba ku yarda da ni ba ne?", to ku raka ta bakin ƙofa. Alamar da na fi tsoro ita ce mai zuwa da maganinta a jaka tana sayar muku, mai son allura da ƙarin ruwa a kan kowane ciwo, mai ɓare ƙwayoyi ta ƙulla a leda babu kwali. Ku sayi magani da kanku a kantin da ke da mai ilimin haɗa magunguna, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ku kankare ku tura lambar.

Ba su kaɗai ba ne. Da zarar an san akwai tsohuwa a gida da rana babu namiji, masu sallama ba sa ƙarewa. Akwai mai maganin gargajiya da lasifika wanda garinsa ɗaya ke "warkar da" suga da hawan jini da sanyin ƙashi, har ya ce a ajiye na asibiti. Hawan jini ba a warkewa a daina magani, saukar da shi ake yi a riƙe. Akwai mai na'urar da ake ɗora tafin hannu ta "gano" cuta goma sha biyu, maganinsu duka kuma yana cikin jakarsa. Na'urar awon jini ma in za ku saya ku ɗauki ta dantse, ku bar ta wuyan hannu, kuma ku kai ta asibiti a gwada ta da tasu, don har sunan Omron ana bugawa a jikin ta bogi.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu zuwa da fom, wai rajistar tallafin tsofaffi daga Abuja, a kawo lambar BVN da katin banki da "kuɗin fom". Gaskiya ne akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, dokarta ta 2017 ce, ta fara aiki a 2021, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. A Kano akwai hukumar KSCHMA mai kula da taimakekeniyar lafiya. Amma waɗannan kai ne za ka je ofishinsu ka tambaya, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirrin katin tsohuwa a zaure. Sau biyu suka zo gidanmu. Na farkon Inna har ta fara lalube a ƙarƙashin filo, Gwaggo ta ce, "Hajiya, bari ɗanki ya zo tukuna." Na biyun ko tabarma ba ta shimfiɗa musu ba, daga soro ta ce su bar lambar wayarsu, suka ce za su dawo gobe.