Ubuntu ko Linux Mint: wanne ya dace da tsohuwar laftof?

Ɗan'uwa, ka ce laftof ɗinka RAM 4GB gare ta, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. Kana neman sanin Ubuntu za ka sa ko Mint, ire-iren Linux biyu da ake sawa a madadin Windows, aikinka kuwa rubutu ne da shiga intanet da kallo.

Uwa ɗaya suka sha. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara fitar da Ubuntu a 2004. Mint ya zo a 2006, kuma a kan Ubuntu ake gina shi. Mint 22, Ubuntu 24.04 ne a ƙarƙashinsa, dukkansu kuma za a ci gaba da gyara su har 2029.

Inda suka raba hanya shi ne fuska da nauyi. Ubuntu da fuskar da ake kira GNOME yake zuwa, manhajoji jere a gefen hagu, kuma a 4GB zai fara nishi da zarar ka buɗe shafuka da yawa. Mint kuwa, fuskarsa mai suna Cinnamon maɓalli gare ta a ƙasa ta hagu, ka danna menu ya buɗe, tamkar Windows 7. In na'urar ta tsufa sosai, ɗauki Mint mai fuskar Xfce, ya fi rashin nauyi.

Sai maganar data, wadda ni ita ta fi damuna. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa 6GB, na Mint wajen 3GB. Abin haushi, in ka bi zaɓin farko wajen saka Ubuntu, ba zai sa maka LibreOffice, manhajar rubutu irin Microsoft Office, ba, sai ka zaɓi cikakken tsari. Mint kuwa da shi yake zuwa. Firefox ɗin Ubuntu kuma na Snap ne, wato tsarin saka manhaja na Canonical, a tsohon faifai ka danna ka jira kafin ya buɗe. Mint ya toshe Snap tun sigar 20. Yana kuma nuna maka Timeshift, manhajar adana kwafin tsarin na'ura, tun ranar farko, in sabuntawa ta ɓata abu ka mayar da na'urar yadda take jiya.

Ubuntu ya fi in kana son koyon sarrafa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe shafukan intanet da makamantansu, ko rubuta manhaja, don yawancin darussa shi suke nufi. Fedora, wani irin Linux ɗin, bar shi tukuna, duk wata shida sabo yake fitowa.

Ni Mint zan sa maka. Amma in CorelDraw ko Photoshop ne abincinka, babu ɗayansu da ke hawa Linux kai tsaye, sai ka bar Windows a gefe guda na faifan. Kafin ka goge komai, zuba Mint a filasha da manhajar Rufus, ka tada na'urar daga ciki, ka gwada Wi-Fi da sauti da firinta, ka ƙara allon rubutu na Hausa ka ga ƙ da ɗ da ɓ suna fita.