Zooba na Zamalek: me za a ci kafin a shiga opera a Alƙahira

Jama'a Aida fa, opera ɗin Verdi mai tsara kiɗa ɗan Italiya, wasa ne mai kashi huɗu, in ka haɗa da hutun da ake yi a tsakani za ka share wajen awa uku a kujera ɗaya, a duhu, ana rera waƙa da Italiyanci, kuma ba a shiga zauren da abinci. To in ka je da yunwa cikinka ne zai dinga amsa wa mawaƙan, na kusa da kai suna juyowa suna kallonka. In kuma ka cika shi dam da kushari wallahi kafin a kai rabi ka fara gyangyaɗi, ka biya kuɗin tikiti ka sayi barci. Shi ya sa na ce bari in yi magana a kan Zooba, gidan abincin da ke titin 26 July a Zamalek, unguwar da ke tsibirin Gezira a tsakiyar Nilu tare da gidan opera ɗin, don ni dai a tsibirin nan shi na fi yarda da shi in ana neman abin da zai riƙe mutum bai kayar da shi ba.

Wurin an buɗe shi a 2012, Chris Khalifa da kuku Moustafa El Refaey ne suka kafa shi, kuma abin da suka yi shi ne suka ɗauko abincin bakin titi na Misirawa, ful da ta'amiya da kushari da hawawshi, suka ɗan yi masa kwalliya suka shigar da shi shago mai launi kala-kala. Har Niyok ta Amurka sun kai reshe a 2019. Amma na Zamalek ɗin nan ƙarami ne sosai, dogon teburi ne ake haɗuwa a kai, kana ci kafaɗarka na gogar ta wanda baka taɓa gani ba, in kai mai son sirri ne da shimfiɗa ƙafa to ba wurinka ba ne. Ni wannan bai dame ni ba, don mai zuwa opera ba zaman hira ya kawo shi ba, ya ci ya tashi ne.

Abin da nake oda kusan kullum ɗaya ne, sanwic ɗin ta'amiya guda ɗaya da ƙaramin kwanon miyar adas, wato wani irin ƙananan wake. Shikenan.

Ta'amiya ga wanda bai santa ba kusan ƙosan Misirawa ce, sai dai da waken ful ake yinta, a niƙa shi da ganyayyaki shi ya sa in ka gutsura za ka ga cikinta kore shar, bayanta kuma da riɗi. Ta Zooba tana zuwa da zafinta, waje ƙamas ciki laushi, ba ta jiƙe da mai ba, kuma wannan maganar mai ita ce gaba ɗaya sirrin, saboda maiƙo shi ke sa mutum ƙishirwa, ƙishirwa ta sa ka ɗirki ruwa, ruwa kuma ya tashe ka a tsakiyar wasa a wurin da in ka fita ba lallai a bari ka dawo ba sai an yi hutu. Burodin baladi ɗinsu ma mai kyau ne, yana da ɗan dusa-dusa a jiki, ga tahina da ganye da tumatir a ciki. Guda ɗaya ya isa. Na san za ka gama ka ji kamar baka ci komai ba, zuciyarka ta ce ƙara ɗaya mana, kar ka saurare ta, jira minti goma za ka ji ya zauna. Wake ne fa, baya nuna ƙarfinsa da wuri.

Miyar adas kuma musamman lokacin sanyi, Disamba da Janairu da iskar Nilu ke shiga har ƙashi, ba abin da ya kai ta. A matsa lemon tsami a kai a sha da ɗumi. Tana ɗumama ciki kuma bata da nauyi.

Yanzu abubuwan da zan ce a bari sai an fito, ba don basu da daɗi ba, daɗinsu ne ma matsalar. Na farko kushari. Shinkafa ce da taliya da adas da waken hummus a kwano ɗaya, ga miyar tumatir ga soyayyar albasa a sama, sannan a zuba dakka wato ruwan tafarnuwa da khal (binega). Wannan abincin mai aikin ƙarfi ne ɗan uwa, wanda zai wuni a tsaye, ba na wanda zai zauna a kujera mai laushi a kashe masa fitila ba. Wani abokina da muka je tare ya tsaya wani shago a hanya ya ci babban kwano ya ce ai shi barci baya kama shi a waje, to a kashi na biyu dai ya tsira don a nan ne ake faretin nasara, ƙahonni na tashi, dandali ya cika da sojoji da fursunoni, ko gawa ta farka. Amma kashi na uku dare ne a bakin Nilu, kiɗan ya yi ƙasa-ƙasa, Aida ita kaɗai tana begen ƙasarsu, nan na ji kansa ya sauka a kafaɗata. Kuma abin haushi a nan ne wasan yake da nama, inda ubanta sarkin Habasha yake matsa mata ta yaudari masoyinta Radames, kwamandan sojojin Masar, ya faɗi hanyar da sojojin Masar za su bi. Abokin nawa ya farka ya tarar an kama Radames yana tambayata me ya yi.

Ga kuma tafarnuwar. Kujerun zauren a manne suke, kana numfashi maƙwabcinka na karɓa, awa uku. A ji tsoron Allah.

Hawawshi ma haka, niƙaƙƙen nama da albasa da yaji a cikin burodi a gasa, nasu yana da kyau ƙwarai amma yana da maiƙo kuma yana dawowa a gyatsa, kuma in ya ɗiga a farar riga ka shiga uku don babban zauren gidan opera ɗin suna da dokar sutura, maza kwat da nektai. Ful kuwa su kansu Misirawa suna yi masa tsiya cewa yana kashe jiki, in dole sai ka ci to ku raba kwano ɗaya ku biyu. Abin sha ni zoɓo nake ɗauka, karkade suke ce masa, ƙaramin kofi, ko in bari sai na isa can in sha shayi. Kayan zaƙi irin shinkafa da madara a haƙura da su tukunna.

Maganar kuɗi, eh Zooba ya fi mai amalanken ful na kan kwana tsada nesa ba kusa ba, kuma ɗalibanmu na Azhar da suka saba cin ta'amiya a unguwa za su ce maka wannan ai ɓarnar kuɗi ce, abu ɗaya ne. Ta wani ɓangaren suna da gaskiya. Ba zan rubuta farashi ba don tun da aka karya darajar fam ɗin Masar a Maris 2024 farashin komai a garin nan baya zama wuri ɗaya. Abin da kake biya dai shi ne tsafta, da wurin zama, da kwanciyar hankalin cewa cikinka ba zai juya maka a tsakiyar kashi na huɗu ba, kuma a daren da ka riga ka sa kwat ka sayi tikiti ni ina ganin ya cancanta. Ranar da ba opera kuwa ka je wajen mai amalankenka, ba wanda ya hana.

Lokaci shi ne ɗaya abin da mutane ke wasa da shi. Duba tikitinka ka ga ƙarfe nawa za a fara, ka ja baya da awa biyu, a nan ya kamata a ce kana zaune kana ci. Zamalek da yamma cunkoso ne na fitar hankali, titin 26 July ɗin nan motoci a ƙasa gada a sama, tasi zai iya cinye maka lokacin da ƙafa bata ci ba. Zooba yana can sama-sama a tsibirin, opera kuma tana ƙasa ta kudu, in takalminka bai matse ka ba ka taka kawai, wajen rabin awa ne a hankali kuma abincin ya samu ya faɗa. Za ka wuce ta gaban otal ɗin Marriott, wanda asalinsa fadar da Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina ce a 1869 don saukar manyan baƙin bikin buɗe mashigin Suez, ka hango Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187, sai ga ka a ƙofa. In da mata masu dogon takalmi a tafiyar to ku nemi mota tun da wuri. Mai zuwa daga cikin gari kuma metiro layi na biyu tashar Opera a bakin wurin take, tasha ɗaya daga Sadat ta Tahrir, shi sai ya ci nasa a can kafin ya tsallako ruwa, ba sai ya haura Zamalek ba. A sa magariba a lissafi, a yi alwala da sallah kafin a shiga layi.

Wani abu da ke ban dariya, kusan duk wanda ka tambaya zai ce maka an rubuta Aida ne don bikin Suez. Ba haka ba ne. Tsohon gidan opera na Khedive an buɗe shi a 1869 da wani wasan Verdi ɗin daban, Rigoletto, ita Aida sai 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna ta a Alƙahira, ta makara ne don kayan sawa da kayan dandalin sun maƙale a Faris lokacin yaƙin Faransa da Furusiya. Wancan ginin gobara ta cinye shi a 1971, yanzu garejin ajiye motoci ne mai hawa-hawa a wurin kusa da Ataba amma har yau sunan dandalin Opera. Wanda ake zuwa yanzu a Gezira Japan ce ta bada kuɗin gina shi, aka buɗe a 1988, babban zauren na ɗaukar mutum kusan 1,200. Don haka in ka ce wa direban tasi opera ka ƙara masa da Gezira, kar ya kai ka garejin.

A lokacin hutu ana samun ɗan abin sha da na taɓawa a harabar, amma kar ka dogara da shi a matsayin abincin dare, kowa a lokaci ɗaya yake fitowa, layin abin sha daban layin banɗaki daban, kafin ka kai gaba an buga ƙararrawa. Ni dabino uku ko huɗu nake sawa a aljihun kwat a cikin tishu, ba leda ba don leda tana ƙara, in fito hutu na biyu in jefa su a baki in kora da ruwa kaɗan, ya kai ni har ƙarshe.

In an tashi kuma yunwar gaske ta taso, to yanzu ne lokacin kushari da hawawshi, a zuba dakka son rai. Sai dai ka duba a waya tukunna ko reshen bai rufe ba kafin ka sake haurawa 26 July, in ya rufe ka tsallaka gadar Qasr el-Nil ka shiga cikin gari ka nemi wanda yake buɗe.