Farin Haske Ko Mai Ruwan Ɗorawa: Wane Ƙwan Fitila Za Ka Sa Wa Motarka?

Duk wanda ya shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman ƙwan fitilar gaba, zai ga lambobi a jikin kwalaye: 3000K, 4300K, 6000K, 8000K. Direbobi da yawa sun ɗauka girman lambar shi ne ƙarfin hasken. Ba haka ba ne. Harafin K na nufin Kelbin, ma'aunin launin haske. Lamba ƙarama, haske mai ruwan ɗorawa. Lamba babba, haske fari mai karkata zuwa shuɗi. Yawan hasken kuwa da lumen ake auna shi, kuma a nan ne aka fi cutar mutane.

Ni dai 4300K nake sawa, shi kuma nake ba kowa shawara. Fari ne mai ɗan sirkin rawaya, kamar hasken hantsi. Shi ne launin da kamfanonin mota suka daɗe suna sa wa fitilun HID, wato masu ba da haske da iskar gas ta zenon, tun daga masana'anta, domin a wannan launin ne ƙwan ke ba da mafi yawan haskensa. Ƙwan HID samfurin D2S mai wat 35 yana ba da kimanin lumen 3,200, alhali ƙwan halojin, wato na gama-gari mai siririyar waya a ciki, samfurin H7 mai wat 55 yana tsayawa a 1,500. Amma ba lissafin ne ya sa na so shi ba, hanya ce. Ka bi titin Kano zuwa Zariya da dare a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ya sauka, tireloli na tayar da ƙura. Hasken da ya yi fari da yawa yakan bugi ƙurar ya dawo maka a ido, sai ka ga kamar an rataya farin zane a gaban mota. Da 4300K ido ba ya gajiya haka, kana rarrabe rami da facin kwalta, kana hango ɗan acaɓan da ba shi da wutar baya, da shanun da ake tsallakawa da su. Da damina ma, idan kwalta ta jiƙe ta yi baƙi ƙirin tana shanye haske, shi ne ke barin ka ga gefen titi.

Halojin da ke zuwa da yawancin motocinmu yana wajen 3200K, kuma ba shi da laifi in gilashin fitilarka garau yake. 3000K rawaya ne sosai, wurinsa fitilar hazo ta ƙasa. Faransa ma ta wajabta wa motocinta fitila rawaya shekaru da dama, sai a 1993 ta sassauta. 6000K, wanda yawancin LED ke zuwa da shi, na cikin gari ne inda akwai fitilun titi. 8000K zuwa sama ado ne kawai.

Wannan na ƙarshen shi ya taɓa jefa ni cikin hatsari. Wani mai shago ya nuna mini ƙwan halojin mai shuɗin gilashi, an rubuta masa 8000K da wat 100, ya ce irin na manyan motoci ne. Na saya na sa wa Corolla ta. Daren da na fita da shi aka yi ruwa, ga iyalina a mota, ban ga motar da ta lalace a gefen hanya ba sai da na zo daf da ita. Allah ne Ya kiyaye. Bayan mako biyu soket ya narke. Mai riwaya ne ya fahimtar da ni cewa shuɗin fenti ne a jikin gilashi, kuma fentin tare haske yake yi, ba ƙara shi ba. Wayar motar kuma don wat 55 aka yi ta.

Tun daga nan nake duba kaya da idon basira, domin jabu ya cika kasuwa. Za ka ga ƙaramin LED an rubuta masa lumen dubu hamsin ko fiye, abin da ba zai yiwu ba. Za ka ga kwali da sunan manyan kamfanoni irin Osram ko Philips, amma rubutun ya dishe, ƙarfen gindin ƙwan a karkace. Ƙwan da bai zauna daidai ba yana watsa haske ne sama, ya kashe wa mai tahowa ido, kai kuma gabanka duhu. Osram na sa lambar tantancewa a kwalin ƙwayayen HID ɗinsa, ka duba ta a intanet kafin ka miƙa kuɗi. Wasu kuma su haɗa maka guda biyu masu launi daban a kwali ɗaya, sai dare ya yi ka ga ido ɗaya fari, ɗaya shuɗi. Kada ka yarda da gwajin da ake yi da batir a cikin shago da rana tsaka. Kowane ƙwai ƙyalli yake idan ka kalle shi kai tsaye. Kuma in fitilarka ta halojin ce mai madubi a ciki, cusa mata HID ko LED mai araha zalunci ne ga sauran masu hanya, ko da kana kan dim.

Ka san lambar ƙwan motarka kafin ka fita, H4 ne, H7, H11 ko 9006. Ka sayi biyu tare, kada ka taɓa gilashin halojin da yatsa, maiƙon hannu na rage masa kwana. Bayan magariba ka tsayar da motar ta fuskanci bango, kamar taku goma tsakani, ka kunna dim. Ya kamata hasken ya yanke a layi ɗaya, ƙasa da tsayin fitilar kaɗan. In ya watsu har saman bango, ka mayar wa mai shago kayansa tun da sauran rasit a hannunka.