Gargaɗi ga masu neman gidan haya a Damagaram: makulli a hannun mutum ba shaidar gida ba ne

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Akwai zambar da ake yi wa masu neman gidan haya a garin nan, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar da shi ga nasa, musamman ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗaliban Jami'ar André Salifou, da iyayen da ke nema wa ƴaƴansu wurin da amarya za ta tare. Mutum ne zai zo maka da sunan dillali, makulli a hannunsa, ya buɗe gida ka shiga ka duba son ranka, ya karɓi abansi na wata uku da kosiyo, wato kuɗin ajiya da ake mayar wa ɗan haya ranar tashi. Ranar tarewa sai ka tarar gidan ba nasa ba ne, mai gidan kuma bai taɓa wakilta shi ba. Shi kuwa ko sama ko ƙasa, wayarsa a kashe.

Makullin nan shi ke cin mutane. Duk wanda ya ga an sa makulli ƙofa ta buɗe, zuciyarsa ta kwanta, ba ya ƙara tambaya. Alhali samun makullin gidan da babu kowa ciki ba wuya ne a garin nan ba. Masu gidaje da yawa ba sa zaune a Damagaram: wani yana Yamai, wani Kano, wani Agadas ko Libiya. Makullin yana wurin mai gadi, ko maginin da ya yi shafe, ko mai fenti, ko ɗan hayar da ya tashi bai riga ya mayar ba. Macucin zai lallaɓa ɗaya daga cikinsu, ya ce yana da mai son gidan, a ara masa na yini ɗaya. Kafin la'asar ya kai an yanka masa irinsa. Akwai ma wanda zai kama gidan da kansa ya biya wata guda, sannan ya dinga nuna shi a matsayin nasa.

Wata malamar makaranta da na sani, an dawo da ita daga Magariya, haka aka yi mata. An nuna mata ciki da falo a Tudun Jamus, da famfo a tsakar gida, da kwantar wuta (mita) tata ita kaɗai, jaka 25 a wata. Ta ce tana son ganin mai gidan. Nan take yaron ya ciro waya ya kira, ya buɗe murya don ta ji. Muryar dattijo ce, cikin natsuwa: “Malama, ina hanyar Yamai ne. Duk abin da yaron nan ya faɗa miki, ni na faɗa. Allah ya sa ki shiga a sa'a.” Ta ƙirga jaka 100 ta ba shi, na wata uku da kosiyo. Ya yago takarda daga littafin ƴan makaranta ya rubuta mata resi, ya yi wani zane a ƙasa a matsayin sa hannu, babu cikakken suna, babu lambar katin ɗan ƙasa, babu shaida ko ɗaya. Ranar da ta zo da kayanta a amalanke, katifa a sama, ƴaƴanta biyu suna biye, sai ta tarar da sabon kwaɗo a ƙofar, ga wani magidanci tsaye a rana riƙe da irin takardar da ke hannunta, rubutu ɗaya, biro ɗaya. Maƙwabta ne suka aika aka kira mai gidan na gaskiya. Tsoho ne mazaunin Birni, bai je Yamai ba, bai kuma san an nuna gidansa ga kowa ba.

Kuma ga inda abin ya fi ciwo: ba ta da wani haƙƙi a kan tsohon nan. Bai karɓi ko dala tata ba, bai yi mata alkawarin komai ba. Wanda ta ba kuɗin shi ne abokin shari'arta, idan an same shi.

Waɗannan mutanen sun san garin, sun san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Sun san ruwa shi ne matsalar Damagaram tun kaka da kakanni, cewa daga watan Maris zuwa Mayu magidanci na iya kashe wa ƴan garuwa abin da ya kusa kuɗin hayarsa. Shi ya sa kalmar farko da za ta fito daga bakinsu ita ce “famfon gidan nan ba ya ɗaukewa”. Sun san a watan Oktoba, lokacin komawa makarantu, malamai da ɗalibai suna shigowa gari a matse, kowa na neman inda zai ajiye kayansa kafin a fara karatu. Sun kuma san ruwan saman 2024, wanda ya rusa tsohon masallacin Birni, ya zubar da gidajen ƙasa masu yawa, ya jefa iyalai cikin neman mafaka. Mutumin da ke cikin matsi ba ya bincike, su kuma matsin suke nema. Idan babu shi sai su ƙirƙira maka: “Wallahi Alhaji, wani ma'aikacin matatar mai ya ce zai kawo kuɗi da magariba, don dai na ga mutuncinka ne.” Ka lura kuma da lokacin da suke kai mutum ganin gida. Tsakar rana ne, sa'adda zafi ya kora kowa ɗaki, babu maƙwabcin da ke zaune a ƙofar gida balle ya tambayi abin da ake ciki.

Na Facebook da WhatsApp ba sai na daɗe a kansu ba. Hotunan gida mai tayil da silin, kuɗi ƙasa da na kasuwa, sai a ce ka tura “kuɗin riƙewa” kafin a kai ka. Wasu hotunan ma ba na garin nan ba ne. Wannan cinikin biri a sama ne, kada ka tura ko tamma.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne gidan gado. A nan mai ba ka hayar ɗan gidan ne na gaskiya, unguwa duk ta san shi, a gidan aka haife shi. Sai dai ba a raba gado ba, ko an raba gidan ya faɗa rabon wasu. Zai karɓi kuɗin shekara ya yi gaba, bayan wata biyu ƴan uwansa su zo su ce ba da yawunsu ba. Idan ka ji mai gida ya rasu, ka tambaya: an raba? Wa magada suka wakilta? Ka nemi ganin wakilin tare da wani babba daga cikinsu.

Maganin duk wannan yana bakin ƙofar gidan da aka nuna maka. Ka koma kai kaɗai bayan la'asar, ba tare da dillalin ba. Ka yi sallama da mai shagon layin, ka yi salla a masallacin unguwar, ka tambayi liman ko dattawan da ke zaune: gidan wane ne wannan, wa ke kula da shi? Ka je wurin mai unguwa. A Zango ne, ko Garin Malam, ko Sabon Gari, ko Karkada, babu gidan da ba a san mai shi ba. Ko a sababbin unguwannin bayan gari, inda maƙwabta ba su gama sanin juna ba, akwai wanda ya ga lokacin da ake ginin. Daga nan ka zauna da mai gidan ido da ido. Murya a waya ba mai gida ba ce. In ba ya gari, to wakilinsa ya zama wanda mai unguwa ya sani, ya kuma nuna maka katinsa na ɗan ƙasa. Ka nemi ganin takardar wutar NIGELEC da ta ruwa ta watan ƙarshe: za ka ga sunan da ke kai, za ka kuma ga ko wanda ya tashi ya bar bashi, don sau da yawa sabon shiga ake bari da biyansa. Dillalin kirki, kuma muna da su da yawa masu tsoron Allah, ba ya jin haushin wannan. Shi da kansa zai kai ka gaban mai gida, ya karɓi la'adarsa bayan an gama magana. Wanda ya fara ɓata rai don ka ce sai ka ga mai gida, ka riƙe kuɗinka.

Sannan a rubuta. Na san akwai masu ganin neman takarda kamar rashin yarda ne, har suna jin nauyin dattijo su ce masa ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, to mu wane ne da za mu ji kunyar rubutu? Tun 1996 Nijar take da dokar da ta shafi haya, amma alƙali da abin da ke hannunka zai yi aiki. Takardar ta ƙunshi cikakkun sunayenku da lambobin katinku, da unguwa da kwatancen gidan, da kuɗin wata da ranar biya, da abin da aka bayar na abansi da na kosiyo kowanne daban, da wanda zai ɗauki gyaran rufi da yashe masai, da tsawon sanarwar da za a ba juna kafin tashi. Shaidu biyu su sa hannu, ku kai komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko ofishin magajin gari na yankinku a buga hatimi. Macuci ba zai bi ka can ba. Duk wata in ka biya, ka karɓi resi.

Takardar nan kariya ce ga ɓangarorin biyu. Ɗan hayar da ke da ita, mai gida ba shi da ikon cire masa ƙofa, ko yanke masa ruwa, ko watso masa kaya waje don sun saɓa. Fitar da mutum da ƙarfi hukuncin kotu ne. Kosiyo kuma amana ce, ana mayar da ita ranar tashi bayan an cire ɓarnar da aka tabbatar, shi ya sa yake da kyau ku zagaya gidan tare ranar shiga, ka ɗauki hoton duk tsagewar bango da karyayyar taga. Shi ma mai gida yana da haƙƙin a biya shi kan lokaci, kada kuma a sa wani a gidansa bai sani ba.

Ku kuma masu gidaje, don Allah ku daina barin makulli a hannun duk wanda ya samu. Idan ɗan haya ya tashi, a canza kwaɗo a ranar. A sanar da mai unguwa da maƙwabta sunan mutum ɗaya da aka wakilta.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta rufe masa baki, don shirun da ake yi ne ke ba su damar komawa wata unguwa su sake. Zamba laifi ce da doka ke hukuntawa. Ka je komisariya ka shigar da ƙara, ka tafi da lambar wayar da aka kira ka da ita, da saƙonnin, da resin ko da na takardar makaranta ne. In ta kamfanin aika kuɗi ka tura, ka adana takardar, domin ba a ba mutum kuɗi a can sai ya nuna kati, wannan kuma zare ne da ƴan sanda za su iya bi. Kada ka huce a kan mai gadi ko magini, kada kuma ka watsa hoton kowa kafin hukuma ta tabbatar, wataƙila shi ma yaudararsa aka yi. Idan ka tarar da wasu a ƙofar gidan riƙe da irin takardarka, ku karɓi lambobin juna ku tafi komisariya tare a ranar.