Lens ɗin da nake ɗaukar ƙwallo da shi, wata shida kenan

Masu tambayata wane lens (gilashin gaban kyamara) nake aiki da shi a filin ƙwallo, Canon EF 70-200mm f/2.8L IS II ne, tokumbo na saya don sabo kam aljihuna bai kai nan ba. Samfurin 2010 ne amma wallahi har yanzu da sauransa.

Ni ma da farko dogo ne ya shiga raina, irin 150-600 ɗin nan, har na aro na wani abokina na tafi da shi filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ranar wasan Pillars. Kafin hutun rabin lokaci lafiya lau, ina zaune bayan raga ina jawo golan ɗaya gefen kamar a gabana yake. To amma ƙarfe huɗu ake take wasa, ana dawowa rana ta yi sanyi ga hazo, shi kuma in ka zuƙo shi ƙarshe a f/6.3 yake tsayawa, wato ƙofar shigar haskensa ta tsuke, haske ba ya isarsa, dole ko ka rage saurin shota (ƙiftawar kyamara) ƙafar ɗan wasa ta fito dishi-dishi, ko ka ɗaga ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) hoton ya cika da yashi-yashi. Ranar na gane ashe haske nake nema ba tsawo ba.

Wannan mai 2.8 ɗin ƙofar haskensa ta fi faɗi, ina barin shota a 1/1000 na daƙiƙa har alkalin wasa ya hura tashi. A kan kyamarar Canon 7D Mark II nake ɗaura shi, tana ninka tsawon sau 1.6, kenan 200 ɗin ya koma kamar 320. Fokas ɗinsa ba ya jira, akwai wani hoton hedin da na ɗauka har gumin da ke tashi daga goshin yaron ana gani, 'yan kallo a baya sun narke.

Nauyi fa akwai shi, kusan kilo ɗaya da rabi, minti 90 a hannu sai ka nemi man zafi, yanzu da sandar ɗora kyamara nake zuwa. Kuma kada IS ɗin da ke cikin sunansa (na'urar hana rawar hoto) ya ruɗe ka, rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da mai gudu. In ƙwallo ta tsallake tsakiya tsawonsa ba ya kaiwa, haƙuri nake yi ta dawo. A dambe ya fi ko'ina daɗi, polo kuma gara dogon.

Mai sayen na hannu ya tafi da tocila ya haska cikin gilashin, ƙura kaɗan ba komai, in ka ga fumfuna ajiye musu kayansu.