Na'urar fassara ta aljihu ko laftof: wadda zan ce ki saya wa ajinki

Malama, tsakanin 'yar na'urar nan ta aljihu mai fassara magana da kwamfutar laftof, tunda don koyar da Turanci da fassara kike so, ki sayi laftof, ko da ta hannu ce, ki ɗora mata OmegaT. Duka biyun ina da su, shi ya sa ban tsaya kwana-kwana ba.

OmegaT manhaja ce ta kyauta. Keith Godfrey ne ya fara ta a shekarar 2000, kuma har yau masu sa kai ne ke kula da ita. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ruwanta da intanet. Ita da kanta ba ta fassara komai, kuma wannan ne ya sa nake ƙaunarta a aji. Yanka rubutun take yi jimla-jimla, ɗalibi ya fassara da hannunsa, ita kuma ta adana kowace jimla tare da fassararta a rumbu. Idan wata jimla mai kama da ta baya ta zo, sai ta ɗauko tsohuwar, ta faɗi kashi nawa cikin ɗari suka yi kama, ta nuna inda suka rabu. Ɗalibi kuma dole ya yanke hukunci: in karɓa, in gyara, ko in watsar?

Akwai wata ɗalibata mai kunya wadda ba a cika jin muryarta ba. Muna fassara takardar bayanin magani, sai manhajar ta kawo mata jimla mai kama da tata sama da kashi 90 cikin 100. 'Yan uwanta duk suka karɓa suka wuce. Ita ta ƙi, ta ɗaga hannu ta ce ta farkon umarni ce, ta biyun hani ne, in aka bar su iri ɗaya mara lafiya zai sha abin da aka hana shi. Ranar ita ta koyar da ajin, ni sauraro kawai na yi, kuma wallahi na ji daɗi har raina. Darasin nahawun Turanci da na sha maimaitawa a allo, a nan ya zauna musu.

Ga kuma jerin kalmomi na bai-ɗaya da aji zai riƙa tarawa, ta yadda kalmar da aka amince da ita yau za ta riƙa bayyana wa kowa gobe. Rumbun fassarar yana fita a tsarin TMX, wanda manyan manhajojin sana'ar irin su Trados da memoQ ke karantawa. Trados, wadda aka kafa kamfaninta a Jamus a 1984, ita ce kamfanonin fassara da yawa ke tambaya, amma ta kuɗi ce, kuma wadda ake ɗorawa a kwamfuta sai a Windows. Ɗalibin da ya goge a OmegaT ba zai yi baƙunta a can ba, domin tsarin aikin ɗaya ne. Gaskiya dai fuskar OmegaT ba ta da kwalliya, kuma alamomin da take sakawa cikin jimla don tsare fasalin rubutu suna rikita ɗalibai a makon farko. Ki yi haƙuri da su, yana wucewa.

Kada ki ɓoye musu fassarar inji, don suna da ita a waya ko kin so ko kin ƙi. Google Translate ta fito a 2006, Hausa ta shiga cikinta a 2013, daga 2016 kuma aka fara sauya mata tsari zuwa wanda ke duban jimla gaba ɗaya, abin da ya sa fassararta ta ƙara santsi. Santsin nan ne haɗarin, domin kuskure yakan ɓuya a cikin jimla mai daɗin karantawa. Gyaran fassarar inji yanzu aiki ne mai ƙa'idarsa ta duniya, ISO 18587 ta 2017. A laftof za ki iya jera asalin rubutu da fassarar inji da ta ɗalibi, aji ya zauna ya tantance. Ɓangaren furuci ma ba a bar ki ba: Audacity kyauta ce, ɗalibi ya naɗi muryarsa ya saurara, Anki kuma, manhajar bitar kalmomi, ta riƙa dawo masa da su kafin ya manta.

Na'urar aljihun kuwa, tawa tana cikin durowa. Matafiyi mai neman hanya a filin jirgi za ta yi masa rana. Amma matakai uku take bi, ta ji magana, ta fassara, ta furta, kuma in ta ji ba daidai ba a hayaniyar aji sauran duk sun lalace, ga shi ɗalibi bai ga yadda aka yi ba balle ya koyi wani abu.

Ki kula da masu sayarwa, don Allah. Wanda ya ce na'urarsa na fassara harsuna barkatai ba intanet, ki kashe mata intanet a gabansa ki gwada harsunan da kike buƙata, ki kuma tambayi yaushe kuɗin rajistarta zai ƙare. Wanda ya ce zai saka miki Trados a araha har abada, ta sata ce, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta take zuwa. Wanda ya nemi kuɗin OmegaT ki rabu da shi, ki sauke ta daga shafinta da kanki. Laftof ɗin kuma ki zare caja ki ga ƙarfin batirin, ki danna kowane maɓalli, kada ki karɓi ƙasa da RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) 8 GB da ma'ajiyar fayil mai sauri, wato SSD.